Tsirran da na sayo wa tankin kifina suna narkewa: yaya zan gane su, yaya zan zaunar da su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Bukuru, ina da tankin kifi na gilashi mai cin lita 80. Na yi odar tsirran ruwa daga Legas, aka sako mini su a mota, suka kwana biyu a hanya. Leda biyar ce, babu wadda aka rubuta wa suna. Na farko ganyensa mai kauri ne mai sheƙi, yana fitowa daga wani kara da ke kwance. Na biyu dogon ganye gare shi da baƙaƙen ɗigo a bayansa. Na uku ya zo a 'yar tukunyar roba, ganyensa ruwan ƙasa-ƙasa, cikin kwana biyar ya narke ƙurmus. Na huɗu damin karare ne da aka ɗaure da dalma, gindinsu ya fara baƙi. Na biyar kara ne mai ƙarfi, ganyensa da farin layi a gefe, shi kaɗai ne yake nan lafiya. Duka na binne su a tsakuwa. Cutata aka yi ne, ko sanyin Disamba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, yawancin kuɗinka bai tafi a banza ba. Daga yadda ka siffanta su, huɗu daga cikin biyar ɗin tsirran ruwa ne na gaske. Wanda ya narke ɗin nan, mafi yawan zato yana da rai a ƙarƙashin tsakuwa. Wanda kake ganin ya fi kowa lafiya kuwa shi ne ba na cikin ruwa ba. Akwai kuma biyu da nake so ka tono su yau ɗin nan, kada su kai gobe a binne. Bari in bi maka su.

Duk wanda aka miƙo wa tsiron ruwa babu suna, ganye yake fara kallo. Ni gindi nake fara dubawa. Ganyen tsiron ruwa ba abin dogaro ba ne, domin tsiro ɗaya yakan yi ganye iri biyu, wanda yake yi a sarari daban, wanda yake yi a nutse daban, har ka rantse ba jinsi ɗaya ba ne. Gindi kuwa ba ya canzawa, kuma shi ne yake gaya maka yadda za a dasa tsiron ko da ba ka taɓa jin sunansa ba. Ka ɗauraye tsiron, ka shimfiɗa shi a farin faranti, ka duba inda ganye da saiwa suka haɗu. In ganyen suna fitowa daga wani kara mai kauri da ke tafiya a kwance kamar ɗanyar citta, wannan ba a binne shi. In duk ganyen suna tasowa daga wuri guda, saiwa kuma tana sauka daga ƙarƙashin wurin, saiwar kaɗai ake binnewa. In kara ne a tsaye mai gaɓa-gaɓa, ganye na fita a kowace gaɓa, to yanka ake yi a soka. Akwai kuma masu yawo a saman ruwa irin kainuwa, waɗanda ba a dasa su ko kaɗan.

Na farkonka Anubias ne, kusan tabbas Anubias barteri ko ɗaya daga cikin ƙananan nau'o'insa. Ɗan gida ne: asalinsa kudu maso gabashin Najeriya, Kamaru da tsibirin Bioko, inda yake manne wa duwatsu da itatuwa a bakin ƙoramun daji masu inuwa. An sa masa sunan Charles Barter, wani Bature mai tattara tsirrai da ya biyo tawagar wani Bature mai bincike, William Baikie, zuwa kogin Neja a 1857, ya rasu a Rabba a 1859. Abin da zai amfane ka a cikin wannan tarihi shi ne wurin zaman tsiron: kan dutse, cikin inuwa, ruwa na wucewa ta jikinsa. Wannan kara na kwance shi ne ran tsiron gaba ɗaya. In ka rufe shi da tsakuwa, ruwa mai iska ba ya kai masa, sai ya yi laushi ya ruɓe, ganyen su riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya suna tasowa sama alhali suna nan kore shar. Tono shi, ka matsa karan da yatsa biyu. In yana da tauri, launinsa kore, lafiya lau. In wani sashe ya yi taɓo-taɓo yana wari, sa reza mai tsabta ka yanke har sai ka kai wurin da yake da tauri. Sannan ka ɗaure shi a jikin dutse ko itace da zaren ɗinki, kada ka matse sosai. Ɗigon sufa gulu ma yana yi, musamman mai kauri, ba ya cutar da kifi in ya bushe. Cikin wata ɗaya zuwa biyu saiwarsa za ta kama dutsen da kanta. Tsiro ne mai nawa, ganye ɗaya a cikin makonni biyu ko uku ma ya yi ƙoƙari, don haka kada ka ce ya tsaya.

Na biyu shi ne wanda masu sayarwa ke kira Java fan, sunansa na kimiyya Microsorum pteropus, daga kudu maso gabashin Asiya. Shi ma karansa a kwance yake, sai dai siriri ne, shi ma ɗaure shi za ka yi. Baƙaƙen ɗigon da ke bayan ganyen, in a jere suke, ba ciwo ba ne, irinsa ne. Nan gaba za ka ga 'yan ƙananan tsirrai suna fitowa a bakin tsohon ganye da 'yar saiwarsu baƙa. Ka bar su su kai tsawon yatsa kafin ka cire su ka ɗaure a wani wuri.

Na uku shi ne ya fi tayar maka da hankali, shi zan fi daɗewa a kai. Siffar da ka bayar ta Cryptocoryne ce, wataƙila wendtii, ɗan asalin Siri Lanka. Wannan dangi sun yi suna wajen narkewa da zarar an canza musu wuri, har masu harkar sun ba abin suna na musamman. Amma ba su kaɗai ke yi ba, kuma dalilin ya shafi duk tsirranka.

Manyan gonakin da ke samar da tsirran tanki, irin Tropica ta Denmak da Dennerle ta Jamus da gonakin Singafo, Indonisiya da Tailan, yawancin tsirransu ba a nutse suke rainon su ba. Saiwa ce kawai a ruwa, ganye yana sarari cikin rumfa mai laima. Haka ya fi musu sauri, ganyen ba ya kama gansakuka, kuma ya fi jure tafiya. Ganyen da ya girma a sarari yana da kauri, da wani maiƙo a fatarsa da ke hana shi bushewa, yana shaƙar iskar kabon dayoksaid ta ƙananan ƙofofi. Da ka nutsar da shi, wannan tsari ya daina aiki. Iskar kabon tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da saurin da take ratsa iska, ga maiƙon nan kuma ya zama shinge. Sai tsiron ya janye abincin da ke cikin tsohon ganye zuwa gindinsa, ya bar ganyen ya mutu, ya fara fitar da sabon ganye siriri wanda zai iya shan iska da abinci kai tsaye daga ruwa. Abin da kake gani a matsayin ruɓewa, sau da yawa wannan canjin ganye ne. Ƙara masa kwana biyu a leda cikin zafin but ɗin mota, sannan ya sauka cikin hunturun Filato, ka ga dole ya zubar da komai lokaci guda.

Abin da za ka yi masa kaɗan ne. Zuƙe narkakken ganyen da siririn tiyo, kada ya zauna ya ɓata ruwa. In ka binne shi har da tukunyar da abin nan mai kama da auduga da ke cikinta, to ka tono shi sau ɗaya tak, ka yanka tukunyar da almakashi, ka ɓare audugar a cikin roba da ruwa, ka tsince ragowarta daga tsakanin saiwa da tsinken sakace. Dubi saiwar: fara mai ƙarfi tana da rai, mai ruwan ƙasa da ke murƙushewa a hannu ta mutu, cire ta. Sau da yawa za ka tarar tsiro uku ko huɗu ne a tukunya guda, raba su. Rage tsawon saiwar zuwa kamar santimita 3 ko 4, ka tura cikin tsakuwa, sannan ka ɗan jawo shi sama har wurin da ganye ke fitowa ya daidaita da saman tsakuwar. Daga nan ka ɗauke hannunka. Kada ka tono don ka ga ko yana da rai, kada ka matsar da shi don wancan lungun ya fi kyau. Cikin makonni biyu zuwa shida za ka ga wani ɗan tsini a naɗe yana leƙowa daga tsakuwa. Na ga mutane da yawa sun zubar da wannan tsiro a kwandon shara alhali yana shirin tohowa, abin yana damuna duk lokacin da na ji.

Na huɗu, damin karare. Matsalarsa dalmar nan ce da soson da ke ƙarƙashinta: sun matse gindin, haske da ruwa ba sa shiga. Kwance su, ka yanke duk inda ya yi baƙi, yankan ya kasance ƙasa kaɗan da gaɓa mai lafiya, domin daga gaɓa saiwa ke fita. Tsige ganyen gaɓa biyu na ƙasa, ka soka kowane kara shi kaɗai, da tazarar yatsa biyu tsakaninsu. Game da sunansa, ƙirga ganyen da ke kowace gaɓa. In bibbiyu ne suna fuskantar juna, bayan ganyen da ja-ja, Ludwigia ne. In dogaye ne kore mai haske, Hygrophila ne. In ƙanana ne masu kauri, murza ɗaya ka sansana, Bacopa caroliniana ƙanshin lemo yake yi. In ganye huɗu zuwa shida ne suka zagaye gaɓa, Egeria ne, wanda ma ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, zai ji daɗin Jos. Ko wanne ne a cikinsu, dasawarsu ɗaya ce, kuma su ne za su fara nuna maka tankin ya karɓe su, domin sun fi kowa saurin girma.

Na biyar ɗin Dracaena sanderiana ne, wanda ake sayarwa a shagunan furanni a cikin kwalba. Tsiron tudu ne. Zai yi wata ɗaya ko biyu a nutse yana kyau, sannan ya ruɓe ya ɓata maka ruwa. Ba sai ka yar ba: ciro shi, ka maƙala shi a bakin tankin yadda saiwa za ta kasance a ruwa, ganye duka a waje. A haka zai rayu, har ya taimaka wajen shanye dattin kifi. Don gaba, duk tsiron da ka ga farin layi a ganyensa, ko ya tsaya ƙyam da ƙarfinsa in ka fito da shi daga ruwa, fatarsa kamar ta shukar tsakar gida, ka yi tambaya kafin ka biya. Anubias da Java fan suna cikin 'yan kaɗan masu taurin ganye da ke rayuwa a nutse. Ba kowane mai sayarwa ne yake yi da gangan ba, wasu a haka su ma aka sayar musu.

Yanzu maganar sanyi. E, yana da hannu. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, a Disamba da Janairu sanyin dare yakan sauka kusa da digiri 11 ko 12. Waɗannan tsirrai sun fi son ruwa tsakanin digiri 22 zuwa 28. In ruwan ya sauka ƙasa da 20, girmansu yana ja baya sosai, tsiron da ke ƙoƙarin fitar da sabon ganye kuwa shi ya fi shan wahala. Abin da ya fi sanyin kansa illa shi ne hawa da sauka, rana ɗumi dare ƙanƙara. Sayi ma'aunin zafi, ka duba shi da asuba, ba da rana ba. Hita mai wat 75 zuwa 100 ta ishi lita 80, ka saita ta a 24 ko 25. Saboda ɗauke wuta, ka sa wa tankin murfi, ka janye shi daga jikin taga, ka manna farin soson kwalin firji a bayansa da gefensa, da dare kuma ka lulluɓe shi da bargo. Ruwa mai yawa yana daɗewa kafin ya huce, waɗannan 'yan dabaru suna riƙe shi har gari ya waye. In za ka canza ruwa, kada ka ɗebo daga tankin sama da sassafe ka zuba kai tsaye. Ajiye shi a bokiti a ɗaki ya kwana, ko ka sirka da ɗan ruwan zafi har ya yi daidai da na cikin gilashin.

Kwanan da ruwan zai yi a bokiti yana da wani amfanin: in na famfo ne, kulorin ɗin da ke cikinsa zai fita. Maganin kashe kulorin da ake sayarwa a shagunan kifi ya fi sauri da tabbas. Ruwan rijiya da na burtsatse a yankinmu galibi ba shi da ma'adinai da yawa saboda irin dutsen Filato, kuma tsirranka huɗun nan ba su da matsala da hakan. Sai in ka kawo Vallisneria, mai dogon ganye siriri, wanda ya fi son ruwa mai alli. Shi sai ka wanke ɓawon ƙwai, ka tafasa, ka daka, ka ƙulla kaɗan a ƙyalle ka sa cikin filta, wato na'urar tace ruwan tankin. Gishiri kuma, wanda masu kifi da yawa ke zubawa a tanki a matsayin rigakafi, ka daina muddin kana son tsirrai. Haka shuɗin maganin nan na kifi da duk maganin da ke da sinadarin tagulla: kifin da ba shi da lafiya a ware shi a yi masa magani a wata roba.

Haske shi ne inda sababbin shiga suka fi yin ɓarna, da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga tsiro na wahala sai ya bar fitila tun safe har tsakar dare, ko ya kai tankin inda rana ke bugawa. Tsiron da bai kafu ba ba ya iya amfani da wannan haske, gansakuka ce ke cin riba, ta rufe ganyen Anubias da ba ya saurin sabuntawa. Awa 6 a rana ta isa a watan farko, da farar fitilar LED, a lokaci guda kullum. In kana da sola ko inbata, ɗora fitilar a kai, ba ta cin wuta. Bayan wata ɗaya ka ƙara zuwa awa 7 ko 8. Anubias da Java fan ka sa su a gefen da hasken bai yi ƙarfi ba, kararen kuma a ƙarƙashin fitila.

Taki kada ka yi gaggawarsa. Makonni biyun farko ba sa buƙata, kashin kifi ya wadatar. Bayan nan Cryptocoryne zai so ƙwayar taki ta musamman da ake turawa cikin tsakuwa kusa da saiwa, sauran kuma takin ruwa na tanki, rabin abin da aka rubuta a kwalba. Ina roƙonka kada ka ɗebo yuriya ko NPK na gona ka zuba. Suna sakin amoniya a ruwa, ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi a tanki irin naka. A wannan wata na farko ka riƙa canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan sau biyu a mako, saboda ruɓaɓɓen ganye ma amoniya yake saki.

Akwai matakin da ya wuce ka a wannan karon, amma ka riƙe shi don odar gaba. Tsiro ba ya buƙatar a riƙa ɗiga masa ruwa sannu a hankali kamar yadda ake yi wa sabon kifi. Buƙatarsa ita ce a buɗe ledar da zarar an karɓo daga tasha, a zubar da ruwan ledar, a sa shi a roba da ruwa mai ɗumin ɗaki, kada iskar hunturu ta taɓa ganyen ko na minti biyar, domin nan take yake bushewa. Sannan a duba bayan kowane ganye a gaban haske. Wani ɗan dunƙule mai yauƙi, garai-garai, da ɗigo-ɗigo a cikinsa, ƙwan dodon koɗi ne, a kankare shi da farce. Mafi kyau tsiron ya yi mako biyu zuwa uku a robarsa daban, da haske, ana canza masa ruwa. Wannan zaman yana ba ƙwan da ya ɓuya damar ƙyanƙyashewa a inda za ka gan shi, yana kuma wanke ragowar maganin ƙwari da wasu gonaki ke fesawa. In kana so ka jiƙa su a magani, alif ɗin da muke tace ruwa da shi ya fi sauƙi: cokalin cin abinci ɗaya a lita 4, kwana biyu, sannan ɗauraya sosai. Bilic ɗin wanki marar turare ma ana amfani da shi, kashi 1 a cikin kashi 19 na ruwa, minti biyu kacal, a bi da ɗauraya da maganin kashe kulorin. Amma wannan na masu taurin ganye ne kawai, Anubias da Java fan. Cryptocoryne da Vallisneria ba sa ɗaukarsa. Tsirran da ke zuwa a rufaffen kofi da wani abu mai yauƙi a gindinsu an raine su ne a ɗakin gwaji, ba su da ƙwari, wanke yauƙin kawai za ka yi ka raba su ka dasa.

Na san in mutum ya fara wannan harka, idonsa yakan koma kan kududdufan haƙar kuza da ke kewaye da ku a Bukuru da wajen Rayfield, ya ce ga ciyawar ruwa kyauta. Gaskiya akwai tsirrai masu kyau a ruwayenmu, bado da ake sayarwa da tsada a ƙasashen waje ma ɗan Afirka ne. Amma dodon koɗin ruwan da ba ya gudu shi ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, mai sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Ga shi wasu kududdufan suna da zurfi tun daga baki. In har za ka ɗebo, to da safar hannu ta roba da doguwar sanda, kuma tsiron ya yi wata guda a ware bayan an jiƙa shi a alif. Haka kuma in naka suka yi yawa ka rage, ka shanya su su bushe ka ƙone, kada ka zuba a kwata ko rafi. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ta shigo ruwayen Legas ta Badagiri a 1984, take toshe hanyar jiragen ruwa har yau, 'yar Kudancin Amurka ce, kuma a matsayin furen ado aka fara yawo da ita a duniya.

Alamar da za ka riƙa dubawa daga yanzu ita ce sabon toho, ba tsohon ganye ba. A kararen, dubi ƙoƙon sama da fararen saiwoyin da ke fita daga gaɓa, cikin kwana goma ya kamata ka gan su. A Anubias, dubi bakin karan na kwance, za ka ga ɗan ganye a naɗe mai launin kore mai haske. In an yi wata biyu Cryptocoryne bai leƙo ba, sa yatsa a hankali ka taɓa gindinsa ba tare da ka tumɓuke ba: in da tauri ƙara masa lokaci, in ya zama taɓo sai ka cire. Ka kuma gaya mini irin kifin da ke cikin tankin, domin in jan kifin nan ne na ado mai tumbi, ko ƙarfasa, su da kansu suke cinye ganye mai laushi suna tone saiwa, sai mu sake lissafi a kan Anubias da Java fan kaɗai, waɗanda ba su cika taɓawa ba.